Awon Ƙafar Safina

Tun da aka sallamo Safina daga asibitin Maradi da ƙarfe a cikin cinyarta ta hagu, duk wanda ya shigo gidan Malam Cindo a Cadawa ya ce yaya mai jiki, amsa ɗaya yake samu: da sauƙi, alhamdu lillahi. Kakanta Malam Cindo ya faɗa, kakarta Inna Yelwa ta faɗa, ita ma yarinyar ta koya har takan riga su. Rahina ce kaɗai ba ta cewa komai, kuma ba wanda yake jiran ta ce, domin ita ta haife ta.

Safina ƴar fari ce. Ranar da aka yaye ta Inna Yelwa ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, can ta girma har ta kai shekara takwas. Rahina ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, in za ta aike ta sai ta ce "ke" tana kallon wani wuri. Yarinyar kuma Yaya take ce mata. Ba wanda ya tilasta wa Rahina wannan. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta, haka Inna Yelwa take yi da ɗanta na fari Abdulhadi, mijin Rahina, wanda har yau in ya bugo waya daga Agadas inda yake ci-rani sai ta ce a gaida mutumin can. Matan unguwa suna yabon Rahina da kara, ita ma tana jin daɗin yabon.

Ranar kasuwa abin ya faru. Safina tana dawowa daga lakol, wato makarantar boko, wata babbar mota da ta gama lodin buhunan aya a bakin kwalta ta ja da baya, ta danne ta da bangon wani shago. Direban, Muttaka, mutumin Gazawa, shi ya ɗauke ta a hannu rigarsa duk jini. A asibiti Inna Yelwa ce ta yi jinya a bakin gado, Rahina kuwa tana waje gindin dogon yaro da goyon jaririyarta Sakina, tana dama kunu tana miƙawa ciki. Da aka dawo gida Muttaka ya zo da dattawan garinsu, ya durƙusa a zaure yana share hawaye da hula. Malam Cindo ya ce ƙaddara ce, sun yafe duniya da lahira. Rahina tana bayan danga tana ji, kuma ba ta ji haushi ba. Mutumin ya biya maganin farko, ya kuma yi ta zarya.

Sai dai ƙafar ta warke a gajarce. Likitocin sun ce ƙarfen ma sai an sake yanka an cire shi, ga takalmi na musamman da za a riƙa yi mata tana girma ana sakewa. Awakin Rahina biyu sun riga sun tafi, rumbu kuma ba zai ɗauki wannan ba.

Bayan damina Madam Habiba, malamar ajin su Safina, ta zo da magana. Rahina ta kai mata ruwa zaure, ta koma bakin ƙofa ta tsuguna kamar mai tsince wake.

"Baba, jandarma sun rubuta hatsarin nan tun ranar, kuma motar tana da asirans, wato inshora. Kamfanin ya ce a kai yarinya Maradi likitansu ya duba ta, a biya diyya."

"Madam, ni na riga na yafe ma yaron nan. Kina so in tashi in lashe maganata?"

"Ba aljihun Muttaka za a taɓa ba. Mai motar duk shekara yana zuba ma kamfani kuɗi don irin wagga rana. In kun ƙi karɓa, ba Muttaka kuka sauƙaƙa ma ba, kamfani kuka yi ma kyauta."

Malam Cindo ya shafa gemu. "To ai an biya magani."

"Magani kashi guda ne, Baba. Akwai na aikin da ke gaba. Akwai na ƙafar da ta gajarce, tunda da ita za ta tsufa. Shekarar lakol da ta rasa ma ana lissafa ta, da tabon. Har zafin ciwon da ta sha."

"Zafin ciwo?" Ya yi dariya har da tari. "Da tiya ake auna shi ko da sikeli? Yelwa, zo ki ji, ashe da mun yi arziki da ciwon bayanki!"

"Bar ni da ciwon bayana, kai ka jawo shi," in ji Inna Yelwa daga tsakar gida.

Madam Habiba ta yi dariya ita ma, sannan ta ce, "Likita zai duba, ya tambaya, ya rubuta. Abin da aka gaya mishi shi ke akwai. Abin da ba a gaya mishi ba, babu shi."

Daga ƙarshe Malam Cindo ya ce zai je ya zauna, amma bakinsa ba zai yi cinikin jinin jikarsa ba. Da Madam za ta fita ta tsaya kusa da Rahina, ta rage murya. "In ya rubuta ta warke aka rufe maganar, cire ƙarfen nan da takalmin duk kanku za su dawo. Kin ji ni ko?" Rahina ta ce ta ji, idonta a kan faifan wake.

Da sassafe suka shiga motar Maradi. Ba don a tambaye ta komai aka tafi da Rahina ba, sai don ta riƙe kwanon abinci da goran ruwa, ta kuma taimaka wa Inna wajen hawa da sauka. A buron likitan ma, wato ofishinsa, haka aka zauna: Malam Cindo a kujera, Inna Yelwa kusa da shi, Safina a kan gadon dubawa, Rahina can gefen ƙofa a kan benci, Sakina tana barci a bayanta.

Likitan, Abdurrahaman, dattijo ne mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ƙashi wajen taga ya duba. Ya ɗauko abin awo irin na tela, ya auna ƙafar dama daga ƙugu zuwa idon sawu, ya auna ta hagu.

"Riga za ka ɗinka ma amaryata?" in ji Malam Cindo, yana tsokanar jikarsa. "A yi ta da faɗi, ci gare ta."

Safina ta rufe baki tana dariya. Likita ya sa ta lanƙwasa gwiwa, ta taka zuwa bango ta dawo. Rahina ta ga yadda yarinyar ta cije leɓe ta miƙe tsaye kyam, ta yi tafiyar da ba ta taɓa yin irinta a gida ba, don kada ta ba kakanninta kunya gaban baƙo. Likita ya duba tabon, dogo kamar tsutsa a gefen cinya, ya rubuta.

"To, wannan awo ya gaya mini," ya ce. "Ta gajarce da kamar faɗin yatsa biyu. Saura abin da ba ya awuwa. Baba, tana kukan ciwo?"

"Alhamdu lillahi. Wanda ya ga yarinyar nan ranar da abin ya faru, ya gan ta yau, sai godiya."

"Inna, barci fa? Wasa da ƴan uwanta?"

"Ƙawata ai jaruma ce. Ko uhum ba ta cewa."

Ya juya ga Safina. "Ƴammata, ina ke miki ciwo?"

"Da sauƙi," in ji Safina.

Likita ya ajiye biro, ya murza idanu. "Baba, ni ma ɗan ƙasar nan ne. Kakata tana kan gargara muka gaishe ta, ta ce da sauƙi. Na san godiya ce. Amma waɗanda za su karanta takardar nan ba su san kara ba. In na rubuta da sauƙi, da sauƙi za su biya, su rufe. Ni kuma ba na rubuta abin da ba a gaya mini ba." Ya dubi ɗakin. "Wace ce mahaifiyarta?"

"Ga ni," in ji Inna Yelwa.

"Na ga kakarta, Inna."

Ba wanda ya dubi Rahina, ita ma ba ta ɗaga kai ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jera magana uku a gaban Malam Cindo ba, balle maganar ƴar fari. Ta san abin da za a ce a unguwa in labari ya koma: Rahina ta buɗe baki gaban surukanta tana lissafa ciwon ɗiyarta don kuɗi. Kuma Inna, wadda ta kwana a kan siminti wata da watanni, yaya za ta ji a ce akwai abin da ba ta sani ba?

Likita ya jira. Da ya ga shirun ya yi yawa, ya ɗauki biro ya jawo takardar gabansa.

Rahina ta yi gyaran murya. Ƙarama ce ƙwarai, kamar ta wanda ƙura ta shiga wa maƙogwaro, amma a ɗakin nan kowa ya ji ta. Malam Cindo ya dubi ƙafafunta, ya ga babban yatsanta yana kankarar siminti. Ya daɗe yana kallo. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Likita, ina ake kama ruwa a gidan nan? Tsufa ba ya jira."

Aka nuna masa. Ya fita, ya ja ƙofar da kansa, ya ƙara ja har ya ji ta kama.

Rahina ta kwance goyo, ta juyo da Sakina kan cinyarta. Jaririyar ta buɗe ido tana miƙa. Rahina ta gyara mata hula, ta kafa mata ido, kuma ita ta yi wa magana.

"Ke Sakina, ke ba ki san komai ba, sai ci sai barci. Ba ki san yayarki ba ta tashi da safe sai rana ta taɓa bango ba. Ana cewa lalaci ne. Ba lalaci ba ne, sanyi ne ke kama ƙarfen. Tana nan cikin zane tana murza cinyar da man kaɗe har ta saki."

Inna Yelwa ta juyo gaba ɗaya. Biron likita ya fara tafiya.

"Man kaɗen ma na ɗakina ne. Da can a kan kabad yake, na sauko da shi bakin ƙofa inda hannu zai kai. Ba ta iya tsuguno, Sakina. Turken nan da na kafa a bayi, aka ce mi Rahina ke yi da turke, ko akuya za ta ɗaure, shi take riƙewa. In ƴammata suna gaɗa da yamma ita ke gadin takalma, ta ce musu ita ta fi son gadi. Da can wa ke fitar da ita daga fili?"

Ta tsaya ta share wa jaririyar bakin da ba shi da komai.

"A ci gaba, ina ji," in ji likita a hankali, shi ma jaririyar yake kallo.

"Zane har ƙasa take ɗaurawa don kar a ga yadda take taka ƙafar. Bakin zanen ya cinye, na lanƙwashe na ɗinke, ya sake cinyewa. Takalminta na hagu gaba ne ke mutuwa, baya sabo, don da yatsu take tafiya. Lakol kuma ba ta bin kwalta, ta bayan gari take zagayawa, ta gonakin gyaɗa, ta isa an shiga aji, ƙafar ta kumbura. Ƙawayenta sun wuce aji na gaba, tana zaune da ƙannensu. In babbar mota ta wuce muna cin abinci, lomar nan a bakinta take tsayawa, ba ta taunawa ba ta haɗiyewa, sai ƙarar ta ɓace." Ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Akwai guda kuma da ba zan faɗa tana ji ba. Na tabarma ne."

"Na gane," in ji likita. "Ba sai an faɗa ba."

Safina tana kan gado, ta daina lilo da ƙafa. Bakinta a buɗe, tana kallon Rahina kamar yau aka kawo ta.

Inna Yelwa ta ja gefen mayafi ta goge fuska. "Ni da nake kwana da ita," ta ce, "ban san rabin wanga ba."

"Inna, ki yi haƙuri. Ke take ɓoye ma, don kar ranki ya ɓaci. Ni ba ta ɓoye mini, tunda tana tsammanin ba na kallo."

Rahina ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, ta san ta cancanta. Amma da Inna Yelwa ta buɗe baki, likita ta fuskanta.

"To ni ma ina da nawa, rubuta. Tana firgita cikin barci, ta yi ta kira. Ni ke tashi in riƙe ta, amma ba Inna take kira ba. Yaya take kira." Ta ja hanci. "Ban taɓa faɗi ba. Na ce in na faɗa wagga za ta ji kunya. Wataƙila kuma ni ce ban so."

Rahina ta kifa fuskarta a kan cikin Sakina, kafaɗunta suna rawa. Jaririyar ta kama ɗankwalinta tana ja.

"Firgitar na rubuta, Inna," in ji likita. "Sauran ba shi da gurbi a takarda, amma na ji."

Ya taso ya tsuguna gaban Safina har fuskarsu ta yi daidai. "To ƴammata, manya sun tona miki asiri. Yanzu ina ke ciwo?"

Safina ta dubi kakarta, ta dubi Rahina. Ta ɗora yatsa a kan tabon. "Nan." Ta matsar da shi zuwa ƙugu. "Da nan, in na yi tafiya da yawa. Bayana ma."

"Bayan ma? Kwanta in gani."

Ya sake dubawa, wannan karon ya daɗe. Ya sa ta taka kuma, ya ce ta yi irin tafiyarta ta gida, ba ta baƙi ba. Ta taka tana ɗingishi, kafaɗa ɗaya tana faɗuwa. Ya koma ya cika takardar har ya juya bayanta.

Malam Cindo ya turo ƙofa yana gyaran murya tun daga nesa. "Kun gama cinikin?"

"Ba a yi ciniki ba, Baba. Yafiyarka tana nan, ba wanda ya taɓa ta." Likita ya rufe biro. "Ban rubuta ta warke ba, don ba ta warke ba. Na rubuta a cire ƙarfen, kamfani ya ɗauki aikin, da takalmi mai tudu da za a riƙa sake mata har ta gama girma, in ba haka ba bayan zai karkace. Gajarcewar, da tabon, da shekarar lakol, da wahalar da ta sha kuma take sha, kowanne na ba shi matsayinsa. Nawa za su bayar ba ni ke yankewa ba, kuma sai kun yi haƙuri, ba sa sauri. Amma ba za su ce ba su sani ba."

"Takalmi mai tudu," in ji Malam Cindo. Ya dubi jikarsa, idonsa ya yi ja, amma ya murmusa. "Amarya, za ki fi ni tsawo ke nan. Sai in nemi wata."

"Wa zai so ka, ba haƙora," in ji Safina.

Bai tambayi abin da aka faɗa bayan fitarsa ba. Bai kuma dubi Rahina ba, sai dai da za su fita ya karɓi goran ruwan daga hannunta ya rataya, abin da bai taɓa yi ba.

Rana ta take sa'ad da suka fito. Tasha tana ƙetaren babban titi, manyan motocin kaya kuwa suna bin juna, ƙasa tana girgiza. A bakin titin Safina ta tsaya cak, ta damƙe zanen kakarta da hannu biyu. Malam Cindo ya riga ya yi gaba, yana ɗaga sanda wa masu babur.

Inna Yelwa ta dubi yarinyar, ta dubi titin, sannan ta ce, "Rahina, ba ni jaririyar nan. Ke ki goyi babbar, ta fi ƙarfin bayana, likita ma zai shaida."

"Inna, a nan? Mutane na kallo."

"Mutanen Maradi ne, wa ya san mu? Kwanto ta."

Rahina ta kwance Sakina ta miƙa. Ta tsaya riƙe da zanen goyo, kamar ta manta yadda ake yi. Sannan ta juya baya ta durƙusa. "Ke, hau."

Safina ta hau a hankali, tana kaffa-kaffa da ƙafar hagu. Ta yi nauyi, ƙafafunta suna kaiwa har gwiwar Rahina, zanen ma da ƙyar ya zagaya. Rahina ta sa hannu ta tallafe cinyar daga ƙasa, daidai inda ba zai taɓa ƙarfen ba, ta miƙe. Wata tirela ta wuce da ƙara, ta ji yarinyar ta manna fuska a tsakanin kafaɗunta, ƙirjinta yana bugawa a bayanta. Ta jira har bugun ya lafa.

Suna tsakiyar titi Safina ta kawo baki kusa da kunnenta.

"Yaya, ashe man kaɗen nan da gangan kike barin shi a bakin ƙofa?"

"Yi shiru ki riƙe ni da kyau."

"Ni na ɗauka sata nake yi. Kullum sai na yi astagafirullahi."

Rahina ta yi dariya, hawaye suna zubo mata, ba hannun sharewa. Malam Cindo yana can ƙetare ya ba su baya, yana tambayar ɗan kamasho motar Cadawa, ya kuma ce a ba su kujerar da ke da wurin miƙe ƙafa.